Malam Ɗanladi da Kwanakin da Bai Auna Ba

Idan aka sallame sallar asuba a unguwarmu a Anka, Malam Ɗanladi yakan zauna ya ƙarasa lazimi har gari ya yi haske, sannan ya hau kekensa zuwa bayan gari. Can akwai wani ɗan fili da aka kewaye da waya. A ciki akwai farin akwatin katako mai ƙafafu huɗu, jikinsa duk tsaga don iska ta ratsa, da wani gwangwani mai baki kamar mazurari da ke tarar ruwan sama. Ƙarfe bakwai daidai yake buɗe akwatin. Yakan riƙe numfashi kafin ya leƙa, wai kada hucin bakinsa ya taɓa ma'aunin zafi da ke ciki ya ƙara masa zafin da ba na gari ba. Ya duba, ya rubuta, ya rufe. Bayan azahar ya sake komawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye shi, domin ido ya fara gajiya.

Mutane da yawa ba su san amfanin abin ba. Makau, wani makiyayi da ke biyowa ta nan da shanunsa, yakan jingina da waya ya tambaye shi ko yau ma ya auna sanyin da kowa ya riga ya ji a jikinsa. Malam sai ya yi dariya, ya ba shi labarin wani hoto da aka nuna masu lokacin da yake koyon aikin. Wai can ƙuryar arewacin duniya akwai teku da ke daskarewa, ya zama farin fili har iyakar ganinka, mutum ya yi tafiya a kansa ruwa na kwance a ƙasan ƙafarsa. Rana takan faɗi ta yi watanni ba ta fito ba. Idan yana wannan labari muryarsa takan yi ƙasa, idonsa ya tafi can bayan gonakin gero, kamar yana hango bakin tekun daga nan. Shi da bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin leda ba.

"To Malam, mi shanu ka sha a can?" in ji Makau.

"Wanga ban sani ba," in ji Malam.

Haka yake. Abin da bai sani ba, ba ya jin nauyin faɗin bai sani ba, kuma wannan hali ne ya tsaya masa a wurin aiki. A cikin littattafansa duka akwai kwana goma sha ɗaya da ba lamba. Wata rana ma'aunin ne ya fashe, wata rana an kwana da labarin 'yan bindiga ba wanda ya fita bayan gari. A kowane gurbi ya rubuta kalma uku: ban auna ba. Wani babba da ke zuwa duba aiki ya sha gaya masa ya dubi na jiya da na gobe ya sa tsaka-tsaki, haka kowa ke yi. Malam ya ƙi. Aka rubuta masa sakaci a takardarsa, na bayansa suka yi ta wuce shi, har aka riƙa cewa littattafansa masu giɓi ne, ba za su yi wa kowa amfani ba, ƙarshensu ɗakin ajiya da gara.

Uku daga cikin kwanakin nan nawa ne. A damina ta shekarar da gubar dalma ta shiga gidajenmu a Bagega, na kawo ɗiyata Rumaisa Anka neman magani, muka sauka gidan Malam saboda matarsa Marka ƙanwar Innata ce. Shekarar Rumaisa biyu. Shi ya yi ta kai da komo da mu, shi ya riƙe ta lokacin da hannuna ya kasa, shi ya tsaya har aka rufe ta. Kai ne ka ɗauke ta a kafaɗarka, Malam, ka bar akwatinka a rufe kwana uku, ba ka taɓa ambata mini abin da hakan ya jawo maka ba. A bakin Marka na ji, bayan shekaru, lokacin da na riga na dawo Anka da zama.

Bara sai ga saƙo cewa wata malama za ta zo, Nusaiba sunanta, 'yar Gummi ce da karatu ya kai ƙasar waje, tana bi gari gari tana neman tsofaffin littattafan awo. Waɗanda suka yi mata za ta ɗauka, waɗanda ba su yi ba ta bari. Tun daga ranar abinci ya daina shiga Malam. Marka ta ce yakan zauna ya ƙirga shekarun da yatsa, ya ce idan aka bar nasa, to ya tashi safiya dubu goma sha ɗaya a banza.

Ana gobe za ta iso, da la'asar, na kai masu fura na same shi a zaure da littafin shekarar da Rumaisa ta rasu a buɗe a cinyarsa, biro a hannu ba murfi. Na gane shafin. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya kira sunana a hankali.

"Maimunatu, ranar da muka kai Rumaisa, an yi ruwa?"

Na ce an yi. Ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su wahala ba.

"Kamar nawa?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma haka," ya ce. Ya mayar wa biro murfinsa, ya karɓi furar.

Nusaiba ta yi kwana huɗu tana ɗaukar hoton shafi bayan shafi da wayarta. Muna zaune a tsakar gida ta yi mana bayanin aikinsu, ga yadda na riƙe shi. Ta ce ƙanƙarar tekun nan da Malam ke labari tana raguwa. Tsakanin can da nan akwai ƙasashe masu lokacin ɗari mai tsanani, mutanensu suna so su san ko raguwar za ta sauya masu ɗarin. Don haka masana suka gina duniya a cikin kwamfuta, da iskarta da tekunta da gajimarenta. Sukan narkar da ƙanƙarar a ciki su jira su ga yadda ɗari zai kasance. Amma duniyoyin da suka gina da yawa ne, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wata ta ce sanyi zai ƙaru, wata ta ce kusan ba abin da zai sauya. Kuma iskar ƙasashe masu zafi irin namu ita ma tana tura nata hannun can, sai a rasa wanne ne aikin ƙanƙara wanne ne na iskar. Hanyar gane wadda ta fi kusa da gaskiya ita ce a gwada ta da abin da mutane suka auna da idonsu, ko'ina a duniya, shekara da shekaru.

Ina saurarenta ina ganin abin kamar a mafarki: farin teku can, akwatin Malam nan, iska ɗaya tana yawo tsakaninsu.

A rana ta huɗu Malam ya kasa haƙuri, ya buɗe mata guraben da kansa, ya ce gara ta gani tun yanzu. Ta ce ai tun ranar farko ta gan su. Ta ce ta ga littattafan da ba giɓi ko ɗaya shekara ashirin, ba ciwo ba rasuwa, lambobi suna maimaita kansu kamar an zauna a ɗaki an tsara, kuma irin waɗannan ne ke ba su tsoro.

"Baba, kwamfuta ta san yadda za ta tsallake abin da ba a sani ba. Ƙarya ce ba ta iya ganewa, haɗiye ta take yi."

Ta ɗauki littattafan duka, har da guraben. Malam ya tashi ya shiga ɗaki, Marka ta bi shi da ruwa.

Watan jiya ta bugo waya. Ta ce lambobinsa sun shiga cikin na dubban mutane irinsa. Ya tambaye ta to yanzu an gano, ƙanƙarar ce ko ba ita ba ce? Ta ce har yanzu ana gardama, ba su tabbatar ba. Malam ya yi dariya har ya yi tari.

"To ɗiyata, ku ma ku bar gurbin, har ran da kuka gani."

Kai ne mai riƙe numfashi don kada ka ƙara wa gaskiya komai, Malam. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, ba wanda ya rataya maka komai a wuya, amma safiyoyin Anka da ka tsare suna can suna aiki a inda kai ba ka taɓa zuwa ba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta lafiya.

Ku da ke karanta wannan, ungozoma ce ke ko mai awon hatsi, malamin asibiti ko mai shaida a gaban alƙali, ku yi koyi da shi. Inda kuka gani ku faɗa, inda ba ku gani ba ku bari a buɗe. Ni kuwa, Malam, na gode da kwana ukun nan. Ɗiyata ba ta da hoto, ba ta da takardar haihuwa. Inda ka ƙi sa lamba, nan ne kaɗai a rubuce aka san ta zo duniya ta tsayar da aikin wani.