Noman Tulip a Barandata

Shekarar da Baba ya zo Landan aka yi masa aikin ido, a gidana da ke unguwar Camberwell ya zauna. Manomi ne, zaman ɗaki kuwa ya ishe shi. Wata Asabar cikin Oktoba sai na ɗauke shi muka je sayen irin tulip, wani fure ne da irinsa yake kama da ƙaramar albasa. Na nemi masu fitowa da wuri, shi kuma ya riƙa matsa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya ruɓe ta ciki. Ɗauki masu tauri da nauyi," in ji shi.

Muka cika tukwane da ƙasa a baranda, muka binne su tsininsu na kallon sama. Yana girgiza kai ya ce, "Ke, wace irin shuka ake yi ganye na zubewa?" Na ce masa sai sun sha sanyi suke fitowa.

Ya koma gida kafin ƙarshen shekara. Na rufe tukwanen da ragar waya saboda kurege, ban kuma cika musu ruwa ba. A watan Maris, tun bishiyoyin layinmu ba su yi toho ba, jajayen furanni suka buɗe. Na tura hoto gida.

Washegari ƙanena ya kira yana dariya. Wai Baba ya karɓi wayar, ya kai ƙofar masallaci bayan la'asar yana nuna wa abokansa, yana cewa, "Ku ga noman 'yata a ƙasar Turawa."

Ranar har na isa wurin aiki bakina bai rufu ba don murna.