Sunayen da Baffa Ya Tafi da Su

Tsohuwar Baturiyar da nake aikin kula da ita a unguwar Soundview ta nuna mini hoton wani tsohon littafin rajistar coci na ƙauyensu a ƙasar Wales, inda ta gano kakanninta har hawa bakwai. Ta ce, "Naki fa?"

Na lissafa uku, na tsaya.

Marigayi Baffa ya san su duka. Duk Lahadi a ɗakinsa na unguwar Highbridge, baki jawur da goro, yakan ƙirga su a gaɓoɓin yatsunsa kamar mai tasbihi. Zuwana na ƙarshe ya ce, "'Yata, ɗauko biro." Na ce, "Baffa, bas za ta wuce ni, sai wani makon."

Ran Laraba aka yi masa sallah.

Allah Ya sada shi da su a Aljanna. Shi kam zai kira kowa da sunansa.