Hayaƙin da Na Tura wa Gafiya

Shekarar da 'yan bindiga suka tare hanyar gonarmu ta wajen Zugu, abin da ya rage mana na noma shi ne garka, wato ɗan filin da ke bayan ɗakuna a cikin gidanmu na Bukkuyum. A da ban taɓa damuwa da taki ba. Bayan girbi Fulani maƙwabtanmu kan sauka gonata da shanunsu, su ci kara su bar mini kashi, in ba su damin gero mu rabu da fara'a. Wannan duk ya wuce. Garkar kuwa ƙasarta ta gaji, ko ciyawa da ƙyar take fitowa.

Matata ce ta ɗauki abin da gaske. 'Yar Gummi ce, mahaifinta mai lambu ne a bakin gulbi, a hannunsa ta koyi sha'anin ƙasa. Burinta ɗaya ne: masarar garka ta riƙe mu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu kan yi ƙasa, ba tare da mun roƙi ɗanmu da ke Gusau ba, don shi ma da nasa iyalin. Ta haƙa rami a kusurwa, ta kewaye shi da tsoffin kwanon rufi. Tun ƙarshen damina take zuba masa kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da tuwon da ya yi tsami, da sharar tsakar gida. Ruwan wanke-wanke ma can yake ƙarewa.

Wata safiya ta kira ni. Ta ɗaga wani gefe da fartanya, sai ga tana jajaye suna murɗe-murɗe, ga gwazarma farare ƙatta sun naɗe kamar an yanke yatsu an zubar. Na ja da baya.

Na ce, "Wanga ai ƙazanta ce. Sako kaji su cinye su."

Ta ce, "Kazar da ta shigo nan, da ita za mu yi miya. Malam, waɗanga 'yan ƙwadagona ne. Ba su neman hura, ba su tashi da azahar."

A raina na ga an raina ni. Ni da na tsufa a gona, yau tsutsa ce manomiyar gidana.

Wurin da ke da ɗumi da abinci ba ya rasa baƙi. Kusu ne ya fara zuwa, jaba ta biyo da warinta. Daga baya gafiya ta tare, wata ƙatuwa mai farin bakin wutsiya, ta haƙa gidanta a gindin ramin. A daidai lokacin goron da nake ajiyewa a ƙarƙashin gadona, cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya fara raguwa. Da farko taubashina na zarga, ɗan ƙanin mahaifiyata, don shi kaɗai ke shiga ɗakina ba sallama. Ya rantse, na ƙi yarda. Sai ran nan na tsinci ɓarin goro a bakin ramin gafiya, da sawun haƙoranta a jiki. Farin goro ne ma, wanda nake ɓoyewa don baƙi.

Na kai ƙara wajen matata, mai ramin takin. Ta ce in ƙyale ta, tana juya mata takin daga ƙasa, in ruwa ya sauka da kanta za ta tashi. Ta ƙara da cewa in sayi gwangwani mai murfi in riƙa zuba goron. Shawara ce mai kyau, shi ya sa ta ba ni haushi.

Ana cikin zafin bazara 'yar ƙaninta ta haihu, matata ta shirya zuwa Gummi suna. Tana ɗaure kaya tana yi mini wasiyya: in zuba wa ramin ruwa safe da yamma, kada kaji su shiga, kada in taɓa komai. Ranar farko na zuba. Bayan nan na ga bai dace dattijo kamata ya riƙa ɗaukar bokiti yana shayar da juji ba, na koma majalisarmu ta gindin dalbejiya. Rana ta yi aikinta, saman takin ya bushe ƙayau.

A majalisar na ba taubashi labarin ɓarauniyar gaskiya. Ya buga cinya.

"Kai bawana, kac ce ni na ɓarawo, ashe a gidanka kaka kiwon ta! Tashi mu tahi. Ni da ƙuruciya gafiya in ta ji muryata da kanta taka hitowa."

Dabarar tsohuwa ce, kowane ɗan ƙauye ya san ta. A toshe duk ƙofofin ramin a bar biyu. A cusa busasshiyar ciyawa da barkono a ɗaya a kunna, a fifita hayaƙin ciki, mai kulki ya tsaya a ɗayar. Bayan azahar muka zagaye ramin takin muka toshe abin da muka gani da duwatsu. Na ɗebo barkono daga tukunyar matata. Na durƙusa ina fifita da faifai, taubashi ya naɗe hannun riga ya ɗaga kulki.

Shiru. Hayaƙi na shiga, ba ya fitowa.

Ya ce, "Daɗa tanka. Wagga tsohuwa ce, ta saba."

Na ƙara barkono, na ƙara ciyawa, na yi ta fifita har kafaɗata ta yi tsami. Can na ɗaga kai don in share gumi, sai na hangi hayaƙi yana fita ta tagar ɗakina.

Muka kwasa da gudu, irin gudun da tsofaffi ke iyawa. Ina buɗe ƙofa yajin ya buge mu. Na kama tari, idona ya rufe. A cikin haka gafiyar ta fito ta tsakanin ƙafafuna, ta nufi taubashi kai tsaye. Jarumin ya yar da kulki ya ɗare turmi yana salati, turmin ya mirgina da shi, ya faɗi zaune cikin kaskon ruwan kaji. Ita kuwa ta bi ta rariya ta fice, ba ta ko yi sauri sosai ba. Da hayaƙin ya lafa muka leƙa ƙarƙashin gado, sai ga ƙofar da ba mu toshe ba, dab da tsumman goro. Hanya ta yi tun daga garka har ɗakina.

Muka yi dariya har da hawaye, ko da yake rabin hawayen na barkono ne. Muka fitar da kayana muka shanya. Rigar da na sa ranar Juma'a sai da ta sa sahunmu gaba ɗaya atishawa. Wutar kuwa, taubashi ya tattake bakin ramin ya watsa ƙasa, ya ce ta mutu.

Ba ta mutu ba. Da safe na ga wani siririn hayaƙi na tashi daga tsakiyar takin. Na zuba bokiti, ya yi cuu ya lafa, na koma harkata. Ashe busasshen kashin awaki da ƙaiƙayi a hankali suke ci, daga ciki. Lokacin da na gane na sa fartanya na tona, cikin ya yi ja kamar murhun maƙera. Na kwashe ruwan randunan gidan duka, na roƙi na maƙwabta. Abin da ya rage toka ce da ɗan baƙin gefe, da wani ƙauri da ba na son tunawa.

Da matata ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce garka. Na bi ta a baya. Ta ɗauki kara ta tona tokar nan, ta tona can. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, mi ya faru?"

Na ce, "Gafiya ce."

"Gafiya ta ƙyasta ashana?"

Ta ce taubashi fa? Na ce yana gida, ƙugunsa na ciwo. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, da wata irin murya da ban tabbata addu'a ba ce.

Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Ni da na ƙi ɗaukar bokiti a cikin gidana inda ba mai gani, sai ga ni ranar kasuwa da buhu a kara, inda ake sayar da dabbobi, ina bin bayan shanu da tumaki ina kwasar kashi a gaban kowa. Dillalai suka riƙa nuna mini: "Baba, ga wani can da zahinai, yanzu anka sauke shi!" Na kuma gangara bakin gulbi da gwangwani na tono tana, don in mayar mata da ma'aikatanta. A hanyar dawowa 'yan kabu-kabu suka tsaya suna tambayata ina ƙugiyar, ko da hannu zan kama kifin.

Ta karɓi tanar ta zuba a ramin, ta rufe da ganye. Kashin kuwa ta ce ɗanye ne, zai ƙone shuka, sai ya kwana ya ruɓe, kuma ba ni da ikon sa shi sauri. Ruwa ya sauka, muka shuka haka nan da toka. Masarar ta fito rawaya, ta tsaya a ƙugu, goyonta bai fi yatsa ba. Kuɓewa ta yi 'ya'ya kaɗan ta haƙura. Yakuwa kaɗai ta yi murna, don ita ko a kan tsakuwa fitowa take.

Wata la'asar na same ta zaune a bakin garka tana kallon masarar, hannu a kumatu. Ban taɓa jin nauyin wani abu da na yi ba kamar ranar. Da rumbu ya yi ƙasa, ta miƙo mini waya ta ce ni zan kira yaron. Na kira. Ya ce, "Baba, ina masarar Inna da ake ta ba ni labari?" Na dube ta, ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Na faɗa masa komai. Ya yi dariya har matarsa ta karɓe wayar ta gaishe mu, sannan ya sa mana buhun gero a mota.

Geron ya riƙe mu har kaka. Miya kuwa yakuwa ce, rana da dare, har haƙorana suka mutu don tsami. Kullum in na kai rabin akushi sai ta ɗago ludayi.

"Malam, a daɗa miya?"

In miƙa akushin in ce, "A daɗa."