Ledar da Na Rufe Fuska da Ita

Matso nan ka ji. Sana'ata ƙulla zoɓo da kunun aya a cikin gida, nan Azare, don haka leda na san ta. Iri uku nake saya wajen wani ɗan kudu a kasuwa. Akwai fara tas, wadda haske ke ratsawa kai tsaye, har jan zoɓo ya kira yaro daga nesa. Akwai mai hazo-hazo, haske na shiga amma ya watse, ka ga alamar abu ba ka san ko mene ne ba. Sai baƙa, wadda ba ta barin komai ya wuce; da ita ake sayo nama kada maƙwabta su gani.

Da aka kawo mahaifiyata daga Giade, cutar yanar ido ta rufe mata ido biyu. Likita ya ce akwai wani ɗan abu garai-garai cikin ido da haske ke bi, nata ya dushe, cirewa za a yi a sa sabo. Inna ta ce ba mai kai mata wuƙa ido.

"Ina ganin rana, ina ganin ƙofa. Me ya rage?"

Na ɗauki ledar nan mai hazo na kara a fuskata. Ƙofa dai ga ta, fari fat. 'Ya'yana kuwa sun zama kututturai masu motsi. Na ce, "Inna, ashe cikin leda kike zaune."

"Uwarki ce zoɓo?" in ji ta.

Abin da ya karya ta, wata safiya ta tsaya tana gaida zanen da na shanya, har da tambayar mutanen gida. Jikokinta suka yi ta birgima don dariya. Da yamma ta ce a kai ta asibiti.

Ido ɗaya aka fara yi. Da aka cire auduga ta daɗe tana kallona.

"Ke, yaushe kika tsufa haka? Kuma dubi bangon ɗakinki, ko shafe babu."

Na biyun ta ƙi har yau. Wai ɗaya ya ishe ta tsintar shinkafa, ɗayan a bar mata shi, ta nan take ganina yadda ta san ni. Likita ya ce in an daɗe aikin zai ƙara wuya. Ranar komawa ta zo ta wuce, tana zaune tana taya ni ƙulla leda.

Kai, in da uwarka ce, za ka matsa mata?