Tsala Ba Algus Ba Ce: Shekara Tara da Rasuwar Yaya Asabe

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Asabe. Ban yi boko mai nisa ba, gyaran babur nake yi a Madalla, saboda haka mai neman daɗin rubutu ya yi haƙuri. Akwai maganar da ta daɗe a wuyana, yau zan sauke ta.

Yaya Asabe nono take sayarwa a kasuwar Suleja. Matan Fulani na wajen Maje ke kawo mata, ta raba biyu. Kindirmo ƙwaryarsa daban, ba a taɓa shi. Sauran ta kaɗa ta tsame man shanu, kuma duk wanda ya tashi a gidan nono ya san sai an zuba ruwan sanyi man ke taruwa. Abin da ya rage shi ne tsala. Da sunanta ake sayar da ita, da araha, mai saye ya san abin da ya saya.

Wata ranar kasuwa ma'aikatan duba abinci suka zo kamen masu algus, da kotun tafi-da-gidanka a bayansu. Ban ƙi dokar ba. Akwai masu dama garin rogo da ruwan rafi su ce nono ne, yara na sha suna gudawa. Amma waɗannan tuni suka ji labari, suka ƙi fitowa. An bar jaki, aka daki taiki.

Jami'in da ya tsaya kan Yaya ba ya jin Hausa sosai. Ya tsoma wani gilashin gwajin nono a ƙwaryar tsala, ya girgiza kai. Ni ina wurin, na zo karɓar fura. Ta ce, “Sale, kai da ke jin bakinsu, me yake cewa?” Na ce yana tambaya ko akwai ruwa a ciki. Ta yi dariya ta ce, “Gaya masa tsala ce mana, ko a garinsu ba a cin man shanu?”

Na laluba ɗan Turancin da na tsinta a gareji, babu tsala a ciki. Sai kawai na ce masa eh, akwai ruwa. Ya rubuta cewa ta amsa laifi. Magana zarar bunu ce. A gaban alƙali na so in gyara, aka ce in zauna, ba ni ake tuhuma ba. Aka ci ta tara, aka juye ƙoren nan biyu a kwata, har da kindirmon da ba wanda ya gwada, mutane na kallo.

Ba tarar ce ta karya ta ba. Mace ce da ta yi shekara ashirin a inuwa ɗaya ba a taɓa dawo mata da ludayi ba, sai ga shi ana nuna ta ana cewa mai algus. Ba ta sake zama a kasuwa ba. Hawan jini ya kama ta, bayan shekara biyu ta tafi. Ko sau ɗaya ba ta ɗora mini laifi ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wani lokaci nakan ce da za ta leƙo yau, me za ta gani? Gonakin Maje sun zama gidajen haya, shanun sun yi nisa. A bakin titin Abuja ana dama madarar gari da sitaci a bokitin fenti, a ƙulla a leda, a kira shi kindirmo. Masu kamen sukan zo jefi-jefi, su kwashi matan da ke zaune da ƙwarya a fili, su wuce ɗakunan da ake haɗa abin. Na san abin da za ta ce: “Allah Ya kyauta.” Ba ta da doguwar magana. Ni ne mai cewa dokar da ba ta san sunan abin da take aunawa ba, rashin saninta ya fi dare duhu, kuma a kan talaka yake ƙarewa.

Abin da ya sa na yi rubutun nan bana shi ne Hafsatu, 'yarta, wadda na riƙe. An kawo gaisuwar aurenta, yaron kirki, tana son sa. Sai na ji wata gwaggon yaron ta ce, “Ba 'yar wadda aka kama da algus ba ce?” Tun ranar maganar ta yi sanyi. Hafsatu halin uwarta ta ɗauko na haɗiye damuwa, amma ina ganin abincinta yana dawowa ba ta ci ba.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar shanu ba. Yarinyar nan ta bari, mai gaskiya, da suna guda da bakina ya ɓata. Takardar kotu ba zan iya goge ta ba. Amma ni Sale, da na tsaya a wurin, na shaida Asabe ba ta taɓa cutar kowa da ko cokali ɗaya ba. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mini. Duk wanda ya san gidan su yaron nan, don Allah ya kai musu jaridar da ta buga rubutun nan, ya karanta wa gwaggon da ƙarfi.