Mai Gyaran Inji Cikin Ruwa

Adongo mai suyar kifi ba ta san matar ba, amma tun ɗazu ranta ke tafasa saboda abin da ake yi mata. Matar gajeriya ce kakkaura, tana tsaye cikin tafki, ruwa har ƙugu, ta ciji sukudireba a baki. Injin lantarkin kwalekwalen wani masunci, Ogutu, ne ya ƙi tashi, aka kirawo ta daga gari. Sai dai a wannan gaɓa mace ba ta taka kwalekwalen kamun kifi, wai kifi guduwa yake.

Don haka daga cikin ruwa take aiki. Ta kwance farfela, tana zaro zaren koma da ya nannaɗe ƙarfen, yatsunta duk tabon yanka. Ko yamutsa fuska ba ta yi, da alama ba yau aka fara tsayar da ita haka ba. Ogutu kuwa yana sama a bushe, har da harɗe ƙafa.

"Ƙanwata, yi sauri mana," in ji shi. "Kuma kar ki dafa gefen."

Ta mayar da farfela ta ɗaure, sannan ta ce, "To yayana, kankare tsatsar bakin batirin da kanka, tunda hannuna korar kifi yake."

Yana kankarewa farfela ta juya. Ya tafi ba ko sannu, ita kuma ta fito tana matse zani.

Adongo ta ja tsaki, ta bi kwalekwalen da harara. A goshin kwalekwalen, da jan fenti ɓaro-ɓaro, sunan uwar Ogutu ne a rubuce.