Gyaren Baba

Shekarun baya, ina aji uku a sakandare, muna zaune a Makera, na taɓa tafka wauta: na yi kwana da kwanaki ina farautar gyaren da babu shi.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a sashen da injuna ke ruri har sai dai a yi magana da hannu. Wata rana ya ce akwai gyare a ɗakinsa da ya hana shi sakat. Ni kuwa abin nema ya samu! Na ɗaga katifa, na juye akwati, na zazzage takalma, har na fasa tangaran ɗin mahaifiyata. Ta ce, "Tsakanin kai da gyaren ban san wanda ya fi ɓarna ba."

Da na gaji sai na yi dabara. Na kamo wani ƙaton gyare a bayan gida, na jefa a gwangwanin madara, na dire shi gaban Baba da magariba, ina taƙama kamar wanda ya kamo zaki.

"Baba, ga mai hana ka barci!"

Jim kaɗan gyaren ya ɓarke da kuka har ƙanwata ta toshe kunne. Baba ya leƙa gwangwanin, ya taɓe baki.

"Wannan ai bebe ne. Nawa yana nan yana ta yi."

Na tuntsire da dariya. Mahaifiyata ba ta yi ba.

"Malam, gobe sai asibiti."

"Don a ce na kurumce a sallame ni daga aiki?"

"In ka zauna ka kurumce ɗin fa?"

Na maƙale musu har ɗakin likita. Aka sa wa Baba abin sauraro, aka ce in ya ji sauti ya ɗaga hannu. Sautuka masu kauri duk ya ji. Da aka zo kan sirara, hannu ya kwanta a cinya. Likita ya ce ƙarar injuna ce ta cinye masa jin siraran sautuka, kuma sau da yawa daidai inda ji ya ragu, nan kunne ke ƙago nasa kukan. Ni fa sai kumbura nake, wai ni na gano ciwon!

Har yau in wani ya ce kunnensa na kuka, ba na dariya, sai in tambaye shi me ya daina ji.

Ba a sallami Baba ba. An mayar da shi sashen naɗe yadi, ya koma sa abin toshe kunne. Gyarensa bai taɓa tafiya ba, amma sauran jinsa ya tsira.